Tsarin majalisa biyu a Najeriya

Tsarin majalisa biyu shi ne tsarin da ake raba ikon yin doka tsakanin zauruka guda biyu, ta yadda ƙuduri ba zai zama doka ba sai kowane zaure ya amince da shi a zamansa na daban. A Najeriya wannan tsari yana aiki ne a matakin tarayya kawai, inda Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta ƙunshi Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, kamar yadda sashe na 47 zuwa na 49 na kundin tsarin mulkin 1999 suka tanada. Jihohi 36 kuwa kowace majalisa ɗaya gare ta. Tsarin ya samo asali ne daga jerin tarurrukan rubuta tsarin mulki da aka yi tsakanin 1950 da 1978, waɗanda kusan dukkansu suka yi fama da tambaya guda: a raba kujeru bisa yawan jama'a ne, ko a ba kowane yanki rabo daidai da na ɗan'uwansa.

Suna

Kalmar majalisa aro ce daga Larabci, daga tushen da ke nufin zama. Kafin zuwan Turawa ana amfani da ita ga zaman sarki da 'yan majalisarsa, irin su Waziri da Galadima da Madaki. Majalisar Dattawa, wadda wasu gidajen rediyo ke kira Majalisar Dattijai, fassara ce da ta yi daidai da asalin kalmar Turancin, domin ita ma ta fito ne daga kalmar Latin mai ma'anar tsoho. Sai dai ɗan wannan majalisa ba a ce masa dattijo, sanata ake cewa, jam'i sanatoci. Shi kuma na ɗaya zauren ana ce masa ɗan majalisar tarayya ko ɗan majalisar wakilai. Shugaban Majalisar Wakilai ana kiransa Kakaki, sunan doguwar ƙahon da ake busa wa sarakuna, wanda ya koma nufin mai magana da yawun wasu.

Misalan da aka duba daga waje

Ƙasashe biyu ne suka fi tasiri a kan tsarin Najeriya. A Ingila majalisar ta rabu gida biyu tun ƙarni na 14, iyayen ƙasa da manyan limaman coci a zaure ɗaya, wakilan garuruwa da gundumomi a ɗaya. Dokokin 1911 da 1949 sun rage ikon zauren iyayen ƙasa har ya zama yawanci jinkirta ƙuduri kawai yake iya yi.

A Amurka kuwa zauruka biyu sun fito ne daga sulhu. A taron Filadelfiya na 1787, manyan jihohi irin su Bajiniya sun nemi a raba kujeru bisa yawan jama'a, ƙanana irin su New Jersey suka nace sai kowace jiha ta sami ƙuri'a ɗaya. Ranar 16 ga Yulin 1787 aka amince da shawarar da wakilan Connecticut suka tsaya a kai: zaure ɗaya bisa yawan jama'a, ɗaya kuma kowace jiha kujera biyu. A wannan taron ne kuma aka amince a ƙidaya kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, abin da ya ƙara wa jihohin masu bayi ƙarfi a majalisa ba tare da bayin sun sami ko ƙuri'a ɗaya ba. Jamhuriya ta farko a Najeriya ta bi salon Ingila, daga 1979 kuma aka koma salon Amurka.

Zamanin mulkin mallaka

Arewa ce ta fara samun majalisa biyu a Najeriya. Tsarin mulkin Clifford na 1922 bai sa Arewa cikin majalisar da ke Legas ba, Gwamna ne ke yi mata doka da kansa. Tsarin mulkin Richards, wanda ya fara aiki a Janairun 1947, ya kafa wa Arewa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, alhali Gabas da Yamma zaure ɗaya ɗaya aka ba su a lokacin. Yamma ta sami tata majalisar sarakunan a 1951. Da Turanci da Hausa ake gudanar da muhawara a majalisun na Kaduna. Birnin Kudu da Gwaram a wannan zamani gundumomi ne a Lardin Kano.

Gardama mafi zafi ta taso a babban taron Ibadan na Janairun 1950. An kawo shawarar a ba Arewa kujeru 45, Gabas 33, Yamma 33 a majalisar tsakiya. Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun ba, to za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar kamar yadda take kafin 1914. Hujjarsu ita ce fiye da rabin mutanen ƙasar a Arewa suke. Wakilan Kudu sun ji tsoron yanki ɗaya ya riƙa juya ƙasa shi kaɗai. A ƙarshe tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya ba Arewa kujeru 68, Gabas 34, Yamma 34, a majalisa mai zaure guda.

Wannan rabo bai kashe wutar ba. A ƙarshen Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Aka watse baram-baram, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma rikici ya ɓarke a Kano aka rasa rayuka. Tarurrukan Landan na 1953 da Legas na 1954 suka haifar da tsarin mulkin Lyttelton, wanda ya mai da Najeriya tarayya. Arewa ta ci gaba da riƙe rabin kujeru, 92 cikin 184. Sai a taron Landan na 1957 aka amince a kafa zaure na biyu inda yankuna za su zo daidai wa daida. Wato an bar wa Arewa rinjayenta a Majalisar Wakilai, an ba Kudu Majalisar Dattawa.

Jamhuriya ta farko

A zaɓen Disamban 1959 Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, Arewa na da 174 daga ciki. Majalisar Dattawa ta fara zama a Janairun 1960 da mutum 44: goma sha biyu daga kowane yanki, huɗu daga Legas, huɗu kuma Gwamna Janar ya naɗa bisa shawarar Firayim Minista. Ba jama'a ne suka zaɓe su ba, gwamnatocin yankuna ne ke gabatar da sunaye majalisunsu su amince. Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, sai Dennis Osadebay, sai Nwafor Orizu. Da aka ƙirƙiri yankin Tsakiyar Yamma a 1963 kujerun suka koma 56.

Ikonta kaɗan ne. Ƙudurin kuɗi wata ɗaya kawai take iya riƙe shi, sauran ƙudurori kimanin wata shida, daga nan Majalisar Wakilai ta wuce da abinta. Firayim Minista ma daga Majalisar Wakilai yake fitowa. Saboda haka daidaiton da aka yi wa Kudu alkawari bai wuce na takarda ba sosai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ƙidayar 1962 da ta 1963 suka zama abin faɗa, tunda duk wanda ya fi yawa a ƙidaya shi ke da gwamnati. Jam'iyyar NPC ba ta sami rinjayen da za ta yi mulki ita kaɗai a 1959 ba, sai ta haɗa gwamnati da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Abin da aka fi tunawa da Majalisar Dattawan wancan lokaci shi ne shugabanta Orizu, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa saboda Azikiwe ba ya gida, shi ya sanar da miƙa mulki ga Janar Aguiyi-Ironsi bayan juyin mulkin 15 ga Janairun 1966.

Rubuta tsarin mulkin 1979

A Oktoban 1975 Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar da kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Mutum 50 aka naɗa, Obafemi Awolowo ya ƙi karɓa, suka rage 49. Murtala ya nuna musu cewa sojoji sun fi son shugaban ƙasa mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Biyu daga cikin 'yan kwamitin, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dokta Segun Osoba, sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban.

Daga Oktoban 1977 zuwa tsakiyar 1978 Majalisar Tsara Tsarin Mulki ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma ta yi muhawara a kan daftarin. Shehu Shagari da Abubakar Rimi na cikin wakilanta. Maganar zauruka biyu ba ta ja dogon faɗa ba, domin a lokacin an riga an farfasa manyan yankuna zuwa jihohi 19, babu wata jiha da za ta iya mamaye saura. Abin da ya kusa wargaza taron shi ne batun kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya, wadda daftarin ya tanada. A Afrilun 1978 aka cire wannan tanadi, wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren, sai da shugaban ƙasa Janar Olusegun Obasanjo ya sa baki suka dawo. Matsayar da aka tsaya a kai ita ce jihar da ke so ta kafa tata kotun ɗaukaka ƙarar Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya kuma ta kasance da alƙalai aƙalla uku masana shari'ar Musulunci da aƙalla uku masana dokokin gargajiya. Babu ɓangaren da ya fita yana murna, amma wannan tanadi yana nan har yau a kundin 1999. Bayan an tashi, majalisar mulkin soja ta yi wa daftarin gyare-gyare da kanta, ciki har da cusa dokar mallakar ƙasa da ta yi wa ƙasa hidima.

Sabon tsarin ya ba kowace jiha sanatoci biyar, jimla 95, kuma a karon farko jama'a ne ke zaɓensu. Ikon zaurukan biyu wajen yin doka ya zama ɗaya.

Rabuwar iko a jamhuriya ta biyu

A tsarin Firayim Minista wanda ke da rinjaye a majalisa shi ke kafa gwamnati. A tsarin shugaban ƙasa kuwa zaɓen daban-daban ake yi, don haka yana yiwuwa shugaba ya fito daga wata jam'iyya, rinjayen majalisa ya faɗa hannun wata. Najeriya ta ga wannan tun zaɓen farko.

A 1979 Shagari ya ci shugabancin ƙasa a NPN, amma jam'iyyarsa kujeru 36 ta samu cikin 95 na Dattawa, da 168 cikin 449 na Wakilai. UPN ta sami 28 da 111, NPP 16 da 78, PRP 7 da 49, GNPP 8 da 43. Sai NPN ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe: Joseph Wayas na NPN ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, Edwin Ume-Ezeoke na NPP ya zama Kakaki, aka kuma ba NPP kujerun minista. Yarjejeniyar ta rushe a Yulin 1981, Shagari ya koma neman ƙuri'un ɗaiɗaikun 'yan adawa a kan kowane ƙuduri.

Tsohuwar Jihar Kano, wadda Jigawa ke cikinta a lokacin, ta PRP ce kusan gaba ɗaya. Sanatocinta biyar duk 'yan PRP ne, cikinsu har da Sabo Bakin Zuwo. Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya shiga Majalisar Wakilai a wannan zaɓe a PRP. Tambayar ko jam'iyyar za ta yi hulɗa da gwamnatin NPN ko ta haɗa kai da sauran gwamnonin adawa na cikin abin da ya raba ta gida biyu, 'yan taɓo na Malam Aminu Kano da 'yan santsi na gwamnoni Rimi da Balarabe Musa.

A Kaduna ne abin ya fi muni. Jihar a lokacin ta haɗa da Katsina ta yanzu. Abdulƙadir Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP, amma NPN ke da kujeru 64 cikin 99 na majalisar jiha. Duk jerin sunayen kwamishinonin da ya aika sai majalisa ta yi watsi da su, shi kuma ya ƙi ɗaukar 'yan NPN a gwamnatinsa. Ya yi kusan shekara biyu yana mulki babu kwamishina ko ɗaya, har aka tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. Masu goyon bayan majalisa biyu kan kawo wannan misali, cewa da akwai zaure na biyu da sai an shawo kansa shi ma. Hujjar tana da rauni, domin masu zaɓen da suka ba NPN rinjaye a zaure ɗaya su ne dai za su zaɓi na biyun.

A shekarar ce kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya fayyace ma'anar zauruka biyu. Majalisun sun saɓa a kan ƙudurin rabon arzikin ƙasa tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, aka miƙa shi ga kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa, daga can aka kai wa Shagari ya sa hannu ba tare da an mayar wa zaurukan ba. Gwamnatin Jihar Bendel ta kai ƙara. A Oktoban 1981 kotun ta soke dokar, ta ce kwamiti ba majalisa ba ne, aikinsa ya sasanta ya mayar wa waɗanda suka aiko shi.

Daga 1989 zuwa 1999

Tsarin mulkin 1989 ya rage sanatoci zuwa uku a kowace jiha, ya ƙara ɗaya na Abuja. An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, kuma gwamnanta farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu na SDP, ya hau a Janairun 1992. A zaɓen Yulin 1992 SDP ta sami rinjaye a zaurukan tarayya biyu, Iyorchia Ayu ya shugabanci Dattawa, Rabi'u Musa Kwankwaso ya zama Mataimakin Kakaki. Majalisa ce zaɓaɓɓiya a ƙarƙashin shugaban soja, kuma Janar Ibrahim Babangida ya taƙaita abubuwan da za ta iya yin doka a kansu. Janar Sani Abacha ya rushe ta a Nuwamban 1993. Taron tsarin mulkin 1994 zuwa 1995 ya kawo shawarar karɓa-karɓa da ba jihohin da ake haƙo ma'adinai aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin, amma ba a taɓa aiki da daftarinsa ba. Kundin 1999 kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ne ya tsara shi cikin ɗan lokaci bisa na 1979, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da shi a matsayin dokar soja a watan Mayun 1999. Wannan ne ya sa har yanzu wasu ke cewa ba jama'a ne suka rubuta shi ba.

Yadda zaurukan ke aiki

Ƙuduri yana iya farawa daga kowane zaure. Ana yi masa karatu uku, tsakanin na biyu da na uku kwamiti ya duba shi, wani lokaci a saurari ra'ayin jama'a, sannan a aika wa ɗaya zauren. In abin da suka zartar ya bambanta ko da a sakin layi ɗaya ne, sai a kafa kwamitin daidaitawa, kowane zaure ya sake amincewa da abin da aka daidaita. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowane zaure na iya mai da ƙudurin doka ba da shi ba. An yi haka a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, a zamanin Obasanjo.

Ƙudurin kasafin kuɗi yana da tasa hanyar a sashe na 59. In kwamitin kuɗi na haɗin gwiwa ya kasa sasanta zaurukan, sai a yi zaman haɗin gwiwa na mutum 469 a kaɗa ƙuri'a. Shugaban Majalisar Dattawa ne ke jagorantar zaman, amma 'yan Majalisar Wakilai sun ninka sanatoci fiye da sau uku, don haka a maganar kuɗi su ne masu ƙarfi in an kai ga ƙidaya hannu. Abin da Majalisar Dattawa ta keɓanta da shi shi ne tantance ministoci da jakadu da Alƙalin Alƙalai da shugaban hukumar zaɓe, da kuma amincewa kafin a tura soja yaƙi wajen ƙasa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da ECOWAS ta yi barazanar amfani da ƙarfi, sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi, Majalisar Dattawa kuma ta ba Shugaba Bola Tinubu shawarar a bi hanyar sulhu. Jigawa na cikin jihohin da ke iyaka da Nijar.

Gyaran tsarin mulki ya fi komai wuya. Ana buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Ke nan sanatoci 37, ko majalisun jihohi 13, sun isa su tsayar da kowane gyara. Jihohin Arewa 19 suna da sanatoci 57, na Kudu 17 suna da 51, babu ɓangaren da zai kai 73 shi kaɗai. Ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin gyaran da zai ba Obasanjo damar tazarce, kuma da faɗuwarsa a wannan zaure maganar ta mutu, tare da sauran gyare-gyare fiye da ɗari da aka ɗaure a ƙuduri guda.

Sashe na 55 ya ce za a gudanar da aikin majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace. Wannan sharaɗi yana nan tun 1979, kuma har yanzu Turanci kaɗai ake yi a Abuja. Shi ma wani sulhu ne, an ambaci harsunan uku don a gamsar da masu su, an jingina su da sharaɗi don kada masu sauran harsuna su ji an danne su. Sashe na 97 ya ba majalisun jihohi damar ƙara harshen da ake yi a jihar in sun amince da ƙuduri.

Jam'iyya ɗaya, kai a rabe

Daga 1999 jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke fitowa da kujeru mafi yawa a zaurukan biyu bayan kowane babban zaɓe, amma hakan bai hana saɓani ba. Ghali Umar Na'abba na Kano, Kakaki daga 1999 zuwa 2003, ɗan PDP ne kamar Obasanjo, amma a 2002 majalisarsa ta yi wa shugaban barazanar tsigewa. A 2011 Aminu Waziri Tambuwal ya zama Kakaki da ƙuri'un 'yan adawa saɓanin zaɓin jam'iyyarsa, a Oktoban 2014 kuma ya sauya sheƙa zuwa APC yana kan kujerar.

Ranar 9 ga Yunin 2015 Bukola Saraki ya zama Shugaban Majalisar Dattawa ba da son shugabannin APC ba, Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimakinsa, Yakubu Dogara kuma ya kayar da Femi Gbajabiamila da ƙuri'a 182 da 174. Wannan majalisa ta ƙi tabbatar da Ibrahim Magu a shugabancin EFCC har sau biyu, kasafin kuɗi ya riƙa kaiwa tsakiyar shekara kafin a sa masa hannu, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ƙi sa hannu a gyaran dokar zaɓe sau huɗu a 2018. A shekarar ce Saraki da Dogara suka koma PDP. Majalisar da ta biyo baya, ta Ahmad Lawan da Gbajabiamila, ta dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, sai kuma aka riƙa zarginta da zama 'yar amshin shata.

Wakilcin Gwaram da Birnin Kudu

Jigawa tana da sanatoci uku kamar kowace jiha, da 'yan Majalisar Wakilai 11. Kano da Legas suna da 24 kowace, Katsina 15, Bayelsa 5. A Majalisar Dattawa Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai 8 ƙuri'arsu ɗaya ce.

Gwaram da Birnin Kudu suna cikin mazaɓar sanata ta Jigawa ta Kudu maso Yamma, wadda mutanen jihar suka fi kira Jigawa ta Tsakiya, tare da Dutse, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga, wato ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse. A Majalisar Wakilai Gwaram ce kaɗai ƙaramar hukumar Jigawa da ke da mazaɓarta ita kaɗai, sauran 26 an haɗa su biyu-biyu ko uku-uku ko huɗu-huɗu. Birnin Kudu tana tare da Buji, duk da cewa a ƙidayar 2006 ta fi Gwaram yawan jama'a, sama da 313,000 a kan kimanin 272,000. A majalisar jiha mai kujeru 30 ma Gwaram kujera biyu gare ta, Gwaram da Fagam. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, amma na tarayya suna nan kusan yadda aka shata su gabanin 1999.

Faruk Adamu Aliyu ya wakilci Birnin Kudu da Buji daga 2003 zuwa 2007 a ANPP, yana cikin jagororin marasa rinjaye. Sabo Muhammad Nakudu ya riƙe kujerar bayansa, sannan ya zama sanata daga 2015 zuwa 2023. Wakilin Gwaram Yuguda Hassan Kila ya rasu a Maris 2021, Yusuf Shitu Galambi ya ci zaɓen cike gurbi a watan Yuni a APC. A zaɓen 2023 Galambi ya sake ci a NNPP, Mustapha Khabeeb na PDP ya ci sanata, Umar Namadi na APC ya ci gwamna, wato mutumin Gwaram ya wayi gari da wakilai daga jam'iyyu uku.

Suka da kiran a koma zaure ɗaya

Babban ƙorafin da ake yi shi ne tsada. A Maris 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. Ana kuma cewa zaurukan suna maimaita aikin juna, kwamitoci biyu su gayyaci minista ɗaya a kan magana ɗaya, kuma Majalisar Dattawa ta zama wurin hutawar tsofaffin gwamnoni. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa ƙasa mai ƙabilu da addinai irin Najeriya ba za ta zauna lafiya ba in yawan jama'a ne kaɗai ma'auni, suna kuma tunatarwa da 2006. A Fabrairun 2024 'yan Majalisar Wakilai kimanin 60 sun gabatar da ƙudurin komawa tsarin Firayim Minista. Duk wani gyara da zai soke Majalisar Dattawa sai sanatoci 73 sun kaɗa masa ƙuri'a.

A maƙwabta, Senegal ta soke tata majalisar dattawan a 2012, inda Shugaba Macky Sall ya ce a yi amfani da kuɗin wajen magance ambaliya, Mauritaniya ma ta soke tata da ƙuri'ar raba gardama a 2017. Kamaru kuwa a 2013 ta kafa tata, Kwaddibuwa a 2018. Ghana majalisa ɗaya gare ta, kuma a zaɓen 2020 manyan jam'iyyunta biyu suka tashi da kujeru 137 kowace, har Alban Bagbin na adawa ya zama Kakaki. Nijar ma zaure ɗaya ta yi amfani da shi, kuma ta ga rabuwar iko mai tsanani: bayan zaɓen Janairun 1995 'yan adawa suka sami rinjaye, Shugaba Mahamane Ousmane ya zauna da Hama Amadou a matsayin Firayim Minista da Mahamadou Issoufou a shugabancin majalisa. Aka shafe shekara ana jayayya a kan wanda ke da ikon naɗe-naɗe da kiran taron ministoci, har Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da gwamnatin ranar 27 ga Janairun 1996.